Fumfuna A Ɗaki: Ba Kullum Yoyo Ke Kawo Ta Ba

In damina ta yi nisa, musamman a watan Agusta lokacin marka, mutane da yawa su kan ga wani abu baƙi-baƙi ko kore-kore ya fito a bangon ɗakinsu. Wani lokaci kuwa fari ne, kamar audugar rimi, ya lulluɓe takalmi ko sirdi. In an shiga ɗakin sai a ji wani wari kamar na tsohon rumbu. Wannan abu shi a ke kira fumfuna, waɗansu kuma su ce hunhuna.

Da maigida ya gan ta, abin da ya kan fara cewa shi ne, "Ɗakin nan yana yoyo." Sai ya kira magini. In soro ne a sake yaɓe, a gyara indararo. In kwano ne a hau a toshe ramukan ƙusa, ko a sayo sabon falle. Kuɗi su tafi. Bayan mako biyu fumfuna ta komo wurinta, kamar ba a yi kome ba. Sa'an nan a ce magini ne bai iya aikinsa ba.

To, sau da yawa magini ba shi da laifi, rufin ma ba shi da laifi. Ruwan da ya jiƙa bangon tun farko yana cikin ɗakin, a ɓoye cikin iska. Wannan darasi zai nuna muku yadda haka ke faruwa, da yadda za ku gane, da abin da za ku yi.

MECE CE FUMFUNA?

Fumfuna abu ce mai rai, dangin naman kaza. Tana da iri kamar yadda ciyawa ta ke da iri, amma nata ƙanana ne ƙwarai, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Suna yawo cikin iska kullum. Babu ɗakin da babu su, ko na talaka ko na sarki, kuma ba mai iya share su duka.

Kun san yadda irin ciyawa ya kan kwanta a gona duk tsawon rani, ba ya motsi. Da ruwa ya sauka sai ya tsiro. Haka irin fumfuna ya ke. Abu uku ya ke jira: abinci, da ɗumi, da danshi.

Abincinta yana ko'ina: ƙura, da itace, da takarda, da fata, da tufa, da hatsi. Ɗumi kuwa ƙasarmu ba ta rasa shi ba. Saura danshi, shi kaɗai ne a hannunmu. In abu ya jiƙe ya kwana ɗaya ko biyu bai bushe ba, fumfuna tana iya fara tsirowa a jikinsa. In ya zauna a bushe, ko irin ya kai nawa ba zai tsiro ba.

RUWAN DA KE CIKIN ISKA

Uwargida ta wanke zane ta shanya. Da la'asar ta tarar ya bushe. Ina ruwan ya tafi? Ya zama tururi ya shiga iska. Ba mu ganinsa, amma yana nan.

Ga wata shaida kuma. Ku sayo kwalbar lemo mai sanyi ku ajiye. Kafin jimawa za ku ga bayanta ya yi zufa. Kwalbar ba ta huje ba. Iskar da ta taɓa ta ce ta yi sanyi, ta sauke ruwan da ta ke ɗauke da shi. Haka raɓa ke sauka bisa ciyawa da asuba, haka kuma ruwa ke taruwa a ƙarƙashin murfin tukunya.

Dalili shi ne, iska mai zafi ta fi mai sanyi iya ɗaukar ruwa. Mu ɗauki ɗaki mai tsawon mita 4, da faɗin mita 3, da bisa mita 3. Da rana, in zafi ya kai digiri 30, iskar wannan ɗaki tana iya riƙe ruwa wajen lita 1. Da dare, in ya sauka zuwa digiri 20, abin da za ta iya riƙewa bai fi rabin lita da ɗan kai ba. In ta cika da rana, to, da dare tilas ta sauke ragowar. Wurin da ya fi sanyi a ɗakin ta ke saukewa: ƙarƙashin kwano, da gilashin taga, da kusurwar bango.

Masana suna auna danshin iska da kashi cikin 100. In ya tsaya ƙasa da kashi 60, fumfuna ba ta samun yadda ta ke so. In ya wuce kashi 70 ya daɗe haka, sai ta fara tsirowa, ko da ba a ga ɗigon ruwa ko ɗaya ba.

Da damina iska tana zuwar mana daga kudu maso yamma, daga Tekun Atlantika, a jiƙe. A watan Agusta danshinta ya kan kai kashi 80 a wurare kamar Zariya da Kaduna. Da hunturu kuwa daga hamada ta ke zuwa, a bushe, har leɓe ya tsage. Shi ya sa fumfuna ta ke yawa da damina, ta ja da baya da rani. Da ya ke lokacinta ya zo daidai da lokacin ruwan sama, sai mutane su ɗora wa rufi laifi.

DAGA INA RUWAN ƊAKI KE FITOWA?

Iskar damina ta riga ta zo da kayanta. Mu kuma sai mu ƙara mata. Ga hanyoyin da mu ke ƙarawa:

1. Numfashi da zufa. Ku hura numfashi bisa madubi, za ku ga ya dushe. Babban mutum guda, cikin barcin dare ɗaya, ya kan fitar da ruwa wajen kashi ɗaya cikin uku na lita. In mutum 6 suka kwana ɗaki ɗaya, kusan lita 2 ke nan kafin gari ya waye.

2. Girki. In ana ruwa a kan shigo da murhu ko risho cikin ɗaki. Tukunya tana tafasa, tururi yana tashi. Wutar ma da kanta ruwa ta ke fitarwa: lita 1 ta kananzir in ta ƙone ta kan bar ruwa wajen lita 1 cikin iska. Gas ma haka ya ke yi.

3. Shanya. Tufafin da aka wanke aka rataye a igiya cikin ɗaki, duk ruwansu a ɗakin zai tsaya.

4. Randa da tulu. Abin da ya sa ruwan randa ya ke sanyi shi ne, yana tsattsafowa ta jikinta yana shiga iska. Dare da rana ta ke wannan aiki.

5. Wanka da alwala. Ruwan zafin mai jego, da banɗakin da ke haɗe da ɗakin kwana, da yayyafin da a ke yi kafin shara, duk suna ƙara danshi.

6. Dabbobi da amfanin gona. Akuya da kaji suna numfashi kamar mu. Gyaɗa ko masarar da ba ta gama bushewa ba ita ma tana sakin ruwa.

7. Sabon gini. Siminti da yaɓe da ruwa aka kwaɓa su, su kan yi watanni suna fitar da shi.

Bayan duk wannan, sai a rufe ƙofa, a toshe taga da tsumma don tsoron sauro ko ɓarawo ko sanyi. Ruwa ya shiga iska, iska kuwa ba ta da hanyar fita.

ME YA SA GIDAN KWANO YA KAN FI DAMUWA?

Wani ya kan yi mamaki, ya ce, "Ɗakin kakana na jinka ne, ban taɓa ganin wannan abu a bangonsa ba. Ni da na yi na bulo da kwano, ga shi ya baƙanta." Akwai dalili.

Jinka tana barin iska ta ratsa ta, tururi ya fita ta sama. Bangon ƙasa kuma ya kan sha danshi in ya yi yawa, ya sake shi in iska ta bushe. Kwano ba ya shan kome, kuma yana saurin yin sanyi da dare. Tururin ɗaki ya tashi ya taɓa shi, ya koma ruwa, ya ɗigo bisa silin ko bisa gado. Mai ɗaki ya tashi da asuba ya ga ɗigo, ya ce kwano ya huje, alhali daren nan ko yayyafi ba a yi ba. Fentin mai da gilashi su ma ba su barin danshi ya wuce.

Wannan ba ya nufin gidan bulo da kwano ba shi da kyau. Abin da ya ke nufi shi ne, irin wannan gida ya fi bukatar tagogi da ƙofofin iska.

YADDA ZA KU GANE

Ruwa ba ya tsami banza. Kafin ku kira magini, ku dubi alamu.

Alamun yoyo: tabo ne a wuri ɗaya, ja-ja ko ruwan ƙasa, yana da baki kewaye kamar taswira. Ya kan fito bayan an yi ruwa, ya ƙaru in an sake yi. In an bi shi sama a kan sami tsaga, ko ramin ƙusa, ko indararon da ya toshe.

Alamun danshin ƙasa: gindin bango ne ke jiƙewa, daga daɓe zuwa wajen gwiwa ko ƙugu. Yaɓe yana ɓarewa, wani farin gari kamar kanwa yana fitowa. Wannan ruwan ƙasa ne ke hawa, sau da yawa don ruwa yana kwanciya a bayan ɗaki.

Alamun danshin iska: ɗigo-ɗigo ne baƙaƙe, a warwatse. Su kan fito a kusurwa, da bayan akwati, da ƙarƙashin gado, da bayan labule, watau wuraren da iska ba ta ratsawa. Taga da kwano suna zufa da asuba. Tufafin cikin adaka suna wari. Takalmi da gafaka da buzu suna yin fari, ko da ya ke ba su taɓa bango ba. Ku tuna da wannan: yoyo ba ya iya shiga akwatin da ke rufe a tsakar ɗaki, amma iska tana shiga.

In har yanzu kuna shakka, ga gwaji mai sauƙi. Ku goge wurin ya bushe. Ku yanko leda mai kauri, faɗin tafin hannu biyu, ku manna ta a bangon, ku like gefenta huɗu da salatif yadda iska ba za ta shiga ba. Ku bar ta kwana 2, sa'an nan ku duba da sassafe. In ruwa ya taru a fuskar da ke duban ɗaki, daga iskar ɗaki ya ke. In ya taru tsakanin leda da bango, daga cikin bangon ya ke fitowa, to, nan ne magini ya ke da aiki. In an ga ruwa ciki da waje, duka biyun ne, sai a yi maganin kowanne.

ƁARNAR FUMFUNA

Ta farko ita ce ɓarnar lafiya. Mai kwana a ɗakin da ke da fumfuna yana shaƙar irinta duk dare. Ga waɗansu ta kan kawo atishawa, da toshewar hanci, da tari, da ƙaiƙayin ido ko na jiki. Mai ciwon asma kuwa ta kan tayar masa da shi. A shekarar 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da bayani bisa wannan al'amari, ta nuna cewa mazauna gidaje masu danshi da fumfuna sun fi sauran mutane kamuwa da ciwon numfashi. Jarirai, da tsofaffi, da waɗanda ciwo ya raunana su ne suka fi shan wuya. In yaro yana tari kowace damina, in ya kwana wani wuri ya sami sauƙi, ku dubi ɗakinsa. Amma ku kai shi asibiti kuma, don tari yana da dalilai da yawa.

Ta biyu ɓarnar dukiya. Fumfuna tana cin abin da ta hau. Ta ɓata rigar salla, ta ruɓar da sirdi, ta manne takardun gona da littattafan yara, ta cinye silin.

Ta uku ta fi su haɗari, ita ce ɓarnar abinci. Mutane da yawa a ɗakin kwana su ke jibge buhunan gyaɗa da masara. Akwai wata irin fumfuna da ke hawan waɗannan, tana barin guba da a ke kira afalatoksin, mai lalata hanta. An gano wannan guba ne bayan da talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila a shekarar 1960, saboda tunkuzar gyaɗa da aka kawo daga Burazil. A shekarar 2004 kuma mutum 125 suka rasu a ƙasar Kenya don cin masarar da ta ɗauki wannan guba. Dahuwa ba ta kashe ta. Saboda haka hatsin da ya yi fumfuna kada a ci, kada a ba yara, kada kuma a ba dabba.

MAGANI

Rigakafi ya fi magani. Maganin nan kuwa ba a sayensa a kanti. Abu uku ne: a rage ruwa, a ba iska hanya, a yi amfani da rana.

A rage ruwa. Ku yi girki a madafa ko a rumfa. In tilas ta sa aka shigo ɗaki, a rufe tukunya, a buɗe ƙofa da taga. Ku yi shanya a ƙarƙashin rumfa ko a baranda. Ku fitar da randa zuwa inuwa a tsakar gida. Da an gama wanka a zubar da ruwan, a goge daɓe, a rufe ƙofar banɗaki, a buɗe tagarsa. A yi wa dabbobi nasu wuri.

A ba iska hanya. Taga ɗaya ba ta isa ba. Iska tana son ƙofar shiga da ƙofar fita, suna duban juna. Mai sabon gini ya sa tagogi biyu a bango biyu, ya bar ƙananan ƙofofin iska can sama kusa da rufi, don tururi sama ya ke tashi. Mai tsohon gini ya cire tsumman da ya toshe taga. Don sauro sai a sa wa taga raga, a kwana cikin gidan sauro. Don ɓarawo a sa sandunan ƙarfe.

Lokacin buɗe ɗaki ma yana da muhimmanci. Da damina iskar waje ta fi jiƙewa da asuba, ta fi bushewa in rana ta take. Saboda haka duk ranar da rana ta fito, ku buɗe kome daga hantsi zuwa la'asar.

Ku janye gado da akwati daga bango, ku bar rata kamar faɗin tafin hannu. Ku ɗora adaka da buhuna bisa katako ko duwatsu, kada su taɓa daɓe. Kada ku cusa tufa a akwati sai ta bushe sarai.

A yi amfani da rana. Ko da sau ɗaya a mako, a fitar da katifa, da tabarma, da buzu, da bargo, su sha rana. Gyaɗa kada ta shiga buhu sai an girgiza an ji tana kacau-kacau cikin ɓawonta. Masara kuwa sai an ciza an ji ta fashe ƙaras.

Ga gargaɗi babba. Kada wani ya ce zai busar da ɗaki ya hura gawayi a kasko, ya rufe ƙofa ya kwanta. Gawayi yana fitar da wata iska mai guba, ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutum cikin barcinsa.

YADDA A KE WANKE TA

In fumfuna ta riga ta fito, ku fitar da yara da mai ciwon asma tukuna. Ku buɗe ƙofa da taga, ku ɗaure hanci da baki da ƙyalle. Kada ku kankare ta a bushe ko ku share da tsintsiya, don irinta zai tashi ya cika ɗakin. Ku jiƙa tsumma da ruwan sabulu ku goge, sa'an nan ku bar wurin ya bushe sosai.

A bangon siminti ana iya amfani da ruwan bilic da a ke wanke fararen tufafi da shi, irin su Hypo ko Jik: kofi 1 cikin ruwa lita 4. Kada a gauraya shi da wani maganin wanki, don haɗin yana iya tayar da iska mai cutarwa. A sa safar roba ko leda a hannu.

Abin da fumfuna ta ratsa har ciki, kamar kwali ko ruɓaɓɓen silin, sai a fitar da shi a sake wani. Kada a shafa fenti bisa fumfuna, za ta ɓullo ta cikinsa. Kuma ku sani, wanda ya wanke bango bai gyara iskar ɗakinsa ba ya kashe maciji ne bai sare kansa ba. Kafin wata ya ƙare za ta komo.

To, jama'a, wannan damina in kun ga baƙi a bango, ku yi gwajin leda tukuna. Kwana 2 kaɗai zai ci muku. In ya nuna bango ne, a kira magini. In ya nuna iska ce, ku riƙe kuɗinku, ku buɗe taga, ku fitar da randa da igiyar shanya. Ku kuma gaya wa maƙwabcin da bai zo aji ba. Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka, amin.

TAMBAYOYI

1. Waɗanne abubuwa uku ne fumfuna ke bukata? Wanne ne a hannunmu?

2. Me ya sa kwano ke ɗiga da asuba ko ba a yi ruwa ba?

3. In mutum guda yana fitar da kashi ɗaya cikin uku na lita a dare ɗaya, lita nawa mutum 9 za su fitar?

4. In ruwa ya taru tsakanin leda da bango, me wannan ke nunawa?

5. Ku rubuta abu uku da ke ƙara danshi a ɗakinku, da ranar da za ku fitar da su.